Sócrates: Kyaftin ɗin da ya ba mai wankin riguna ƙuri'a

Masu auna ɗan ƙwallo da yawan kofuna ba sa daɗewa a kan sunan Sócrates. Shi ne kyaftin ɗin Brazil a Gasar Kofin Duniya ta 1982 a Sifaniya, inda Italiya ta fitar da su da ci 3-2, duk da ƙwallon da ya zura a wasan. Har ya yi ritaya bai ɗaga wannan kofi ba. Amma wannan ma'auni ya yi masa kaɗan.

An haife shi a Belém a 1954. Ya kammala karatun likitanci a Ribeirão Preto yana buga wa Botafogo ta garin wasa, kafin ya koma Corinthians ta São Paulo a 1978. Sojoji ne ke mulkin ƙasar tun 1964, kuma a kulob-kulob ma umarni daga sama yake saukowa, ɗan wasa ba ya da ta cewa.

Wannan tsari ne ɗan wasan tsakiyar da abokansa, irin su Wladimir da Casagrande, suka sauya. A Corinthians sai aka koma yanke shawara ta hanyar ƙuri'a, tun daga sayen sababbin 'yan wasa har zuwa batun killace su a otal kafin wasa. Ƙuri'ar mai wankin riguna daidai take da ta darakta.

Shugabanni da yawa na ganin cewa idan aka ba na ƙasa baki, aiki zai lalace. Corinthians ta lashe gasar jihar São Paulo a 1982 da 1983 a ƙarƙashin wannan tsari. Wanda aka yi shawara da shi yakan ɗauki aiki a matsayin nasa.

Ya kai batun har wajen fili. A 1984 ya yi alkawari a gaban taron jama'a cewa zai zauna a gida idan majalisa ta amince 'yan ƙasa su zaɓi shugabansu kai tsaye. Ƙudurin ya faɗi, shi kuma ya tafi Fiorentina ta Italiya.

Yana da nasa rauni. Shan giya ya cinye lafiyarsa, kamar yadda ya amsa da bakinsa, ya rasu ranar 4 ga Disamba, 2011, yana da shekara 57. A ranar ce Corinthians ta lashe gasar Brazil, kuma kafin a take wasan 'yan wasanta suka ɗaga dunƙulen hannu sama, yadda yake yi idan ya ci ƙwallo.