KiCad: Lokaci Ya Yi Da Masu Gyara A Dutse Za Su Fara Zana Nasu Fanel

Duk wanda ya taɓa buɗe caja ko fitilar sola ya ga koren farantin nan mai siraran layukan tagulla. Shi ne PCB, masu gyara kuma su ce fanel. A Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu muna da matasan da suka ƙware wajen gano abin da ya ƙone a kansa su canza. Mai zana nasa daga tushe ne ke da wuyar samu. A ganina, uzurin tsadar manhaja ya riga ya ƙare.

KiCad kyauta ce. Jean-Pierre Charras ya fara ta a Faransa a 1992, daga 2013 kuma cibiyar binciken kimiyya ta CERN ta sa hannu wajen inganta ta. A cikinta za ka zana yadda resista, kafasita da IC ke haɗuwa, ka jera su a kan fanel, ka ja layuka, ta nuna maka inda ka yi kuskure, ka ga hoton 3D kafin ka kashe ko sisi. A ƙarshe ta fitar da fayilolin Gerber, waɗanda masana'antun buga fanel ke karɓa.

Me zai hana a ci gaba da manhajar sata? Ban da haɗarin bairos, ga darasin EAGLE. Autodesk ta saye ta a 2016, daga baya ta sanar cewa za ta daina tallafa mata a Yunin 2026. Zanen aro ba ya rufe katara. Ita KiCad lasisinta na GPL ne, babu kamfanin da zai wayi gari ya ƙwace maka ita.

Wani zai ce shi waya kawai gare shi. Gaskiya ne, KiCad ba ta aiki a Android, sai kwamfuta mai Windows, Linux ko macOS, kuma sauke ta a Windows na cin data mai yawa. Amma lasisin ya halatta mutum ɗaya ya sauke, ya raba wa goma ta filash. Da zarar ta hau kwamfuta, ba ta neman intanet. Wayarka kuma ta ishe ka kallon darussa da karanta bayanan IC.

Buga fanel ɗin fa? Kamfanoni irin su JLCPCB na China suna bugawa, sai dai akwai dala da kuɗin jigila. Na gwaji mai fuska ɗaya kuwa ana yin sa a gida: a buga zanen da firintar lesa, a manna shi kan farantin tagulla da dutsen guga, a tsoma a ruwan ferric chloride ya cinye sauran tagullar. A sa safar hannu, domin ruwan na ɓarna.

Kuma bukata tana nan. Na'urar kashe famfo idan tanki ya cika, ko mai yanke wuta kafin batirin sola ya zube, ƙananan da'irori ne da mai gyara zai iya zanawa ya sayar da sunansa a jiki.

Ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa su sa KiCad a ɗakunan kwamfutarsu, su kuma buɗe ƙofa ga masu gyara na kasuwa. Kai kuma, fara da IC 555 da LED ɗaya mai ƙyaftawa, ka zana ka buga a wannan watan.