Masu koyar da yoga a Yamai su faɗi asalin abin da suke koyarwa

A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga watan Yuni a matsayin ranar yoga, bisa buƙatar Indiya. A Yamai ma abin ya fara samun shiga wajen matasa, wasu a gidajen motsa jiki, wasu ta YouTube. Sai dai sau da yawa ana tallarsa ne a matsayin maganin ƙiba da ciwon baya kawai, ba a ambaton inda ya fito.

Yoga ta tsiro ne cikin addinai da falsafar Indiya, kuma a 2016 UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon ɗan Adam. Masu neman mai da ita jarin kansu ba su rasa ba. Bikram Choudhury ya yi iƙirarin mallakar jerin motsi 26 a Amurka, har kotu ta watsa masa ƙasa a ido a 2015.

Wanda ɓoyon ya fi cuta a nan gida shi ne ɗalibi. Jerin motsin da ake kira surya namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana. Musulmi ko Kirista da ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin sanin haka kafin ya hau tabarma, ya tambayi malaminsa na addini, ya ɗauki abin da ya dace da shi ya bar saura. A Malesiya, majalisar fatawa ta hana Musulmi yogar da ta haɗa da ambato irin na bauta tun 2008. Mai koyarwar da ya sauya sunan don kada ya rasa ciniki ya zalunci Indiyawa, ya kuma yaudari ɗan'uwansa.

Ƴan Nijar ba baƙi ba ne ga wannan ciwo. An yi ta kai ruwa rana kafin wani kamfanin iri ya haƙura da sunan albasar Galmi. Kokowa kuwa, da aka fara gasar takobinta a Tawa a 1975, ba kaye kaɗai ba ce. Akwai makaɗa, da kirari, da guraye. Da wani gidan wasa a Faransa zai cire waɗannan ya laƙaba mata sabon suna, da ƴan Nijar mazauna can ne za su fara cika Facebook da ƙorafi.

Gidajen motsa jiki na Yamai su rubuta wa masu rajista asalin yoga da ma'anar sunayen motsinta, cikin Hausa da Zarma da Faransanci, kafin su karɓi kuɗin wata.