Zauren Malami: Me Ya Sa Kirsimeti Yakan Zo Da Zafi A Ostiraliya?

Ran nan muna darasin labarin ƙasa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, an ce mutanen Ostiraliya cikin zafi suke yin Kirsimeti, har sukan tafi wanka bakin teku. Ƙaƙa haka, ga mu nan muna rawar ɗari?" Kafin mu buɗe baki wani yaro ya ce, "Ai a lokacin sun fi kusa da rana." Aji duka ya yarda. Waɗansu iyaye ma da muka tambaya, haka suka ce. Amsar tana da daɗin ji, amma kuskure ce, bai kuwa kamata 'ya'yanmu su girma da ita ba.

Gaskiya ne nisan duniya da rana yakan ɗan sāke. A farkon Janairu duniya ta fi matsawa kusa, wajen kilomita miliyan 147. A farkon Yuli kuwa wajen miliyan 152 ne. Amma duniya ɗungum take matsawa, ba rabinta ba. Da a ce nisa ne dalili, da a watan Janairu ko'ina zafi ake yi, har da Ingila. Ga shi kuwa a lokacin ne sanyi ya fi tsanani can.

Ainihin dalilin shi ne duniya a karkace take. Ku gwada wannan da yara da dare. Ku sami lemo, ku soke shi da tsinke daga sama zuwa ƙasa, ku zana layi kewaye da tsakiyarsa. Layin nan shi ne Ikwaita, samansa arewa, ƙasansa kudu. Ku ajiye fitila a tsakiyar ɗaki, ita ce rana. Sai yaro ya ɗan karkata tsinken, ya zaga fitilar da lemon, amma kan tsinken ya riƙa nuna kusurwa guda ta rufin ɗaki, kada ya juya shi. Za ku ga a gefe ɗaya na ɗakin saman lemon ya sunkuya wajen fitila, ya fi samun haske. Sa'ad da yaron ya kai ɗaya gefen, ƙasan lemon ne ya fi samu.

Haka duniya take. Karkatarta wajen digiri 23 da rabi ce, tana kuwa riƙe da ita duk shekara. Wajen 21 ga Yuni arewa ce take fuskantar rana sosai, wajen 21 ga Disamba kuwa kudu ce. Wanda rana ta fuskanta yakan sami abu biyu. Na fari, hasken yana sauko masa a tsaye. Ku haska tocila a ƙasa a miƙe, sa'an nan a kaikaice, za ku ga na kaikaice ya bazu, ƙarfinsa ya ragu. Na biyu, yininsa yakan yi tsawo. A Landan yinin Yuni ya fi awa 16, na Disamba bai cika awa 8 ba. A birnin Sidni na Ostiraliya kuwa, yinin Disamba ne ya fi awa 14, na Yuni bai cika 10 ba.

To, mu fa? Muna arewa da Ikwaita, amma ba mu yi nisa da shi ba, don haka a Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta wajen awa ɗaya da rabi ne kawai. Duk da haka karkatar nan ce take juya mana shekara. Inda rana ta tsaya bisa kai, can iska mai laima take bi da ruwa. Rana takan tsaya bisa kan Kano wajen ƙarshen Afrilu, bayan 'yan makonni damina ta kankama. Sa'ad da ta koma kudu, ruwa ya bi ta, iskar Hamada ta sauko mana da hunturu. Shi ya sa manomin Zambiya yake shuka a Nuwamba da Disamba, lokacin da namu hatsi yake shiga rumbu.

Ga aikin gida. Ku kafa sanda a tsakar gida, a miƙe sosai, ku riƙa duban inuwarta da tsakar rana sau ɗaya a wata. A Disamba inuwar za ta yi tsawo, ta faɗi arewa. A Yuni za ta gajarta, ta koma kudu. Ku bar yara su sa alama da dutse da hannunsu, gama abin da yaro ya gani da idonsa ba ya mantawa. Wanda ya gwada, ya rubuto mana abin da ya gani. Sai wata mai zuwa.