HAƊIN GWIWAR GWAMNATI DA 'YAN KASUWA WAJEN ƘERA MAKAMAI: INA AKA NUFA?

Daga Wakilinmu na Arewa, Suleja

Cikin watan Nuwamba na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar Hukumar Ƙera Makamai ta Nijeriya, watau DICON, wadda masana'antarta ke Kakuri a Kaduna. Dokar ta buɗe wa kamfanonin 'yan kasuwa ƙofar haɗa gwiwa da hukumar, ta kuma ɗora mata alhakin sa ido a kan masu ƙera kayan yaƙi a ƙasar nan.

Mai yiwuwa ɗan uwanmu da ke Agege ko Sabon Badun ya ce wannan zancen manya ne. To, ba haka ba ne. Duk wanda ya taso daga Ikko zai tafi gida, ko dai ya biyo ta Lokoja ya ɓullo Suleja ya kama hanyar Kaduna, ko kuwa ya bi ta Jebba da Mokwa da Tegina. Kowace ya bi, sai ya ratsa Jihar Neja. Mutanen Suleja ba su manta da bom ɗin ofishin hukumar zaɓe na watan Afrilu 2011 ba, balle na cocin Madalla ranar Kirsimetin shekarar. An kwashe 'yan makaranta a Kagara da Tegina cikin 2021. Cikin Agusta 2023 kuma aka yi wa soja kwanton ɓauna wajen Zungeru, jirgin da ya je ɗaukar waɗanda suka ji rauni ya faɗi a yankin Shiroro. Saboda haka, abin da ke hannun sojan da ke gadin waɗannan hanyoyi ya shafi kowane fasinja da kowane direban tirela.

Ba yau aka fara wannan haɗin gwiwa ba. Tun 1964 aka kafa DICON, kuma wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner ne ya gina masana'antar. Ta yi amfani ƙwarai lokacin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Amma da yaƙi ya ƙare sai ciniki ya faɗi, aka wayi gari masana'antar da aka gina don bindiga da harsashi tana yin kujeru da tebura don ta samu na biyan ma'aikata. An sayo injuna, amma ba a tsaya an mallaki sanin zana makamin da sabunta shi ba, kuma gwamnati ba ta riƙa saye a kai a kai ba.

Mu dubi Brazil. Gwamnatinta ta kafa kamfanin jiragen sama na Embraer cikin 1969, shekara biyar bayan DICON. Sojan saman ƙasar suka zama masu sayen farko, gwamnati ta horar da injiniyoyi, sannan cikin 1994 aka sayar wa 'yan kasuwa kamfanin. Jiragen Super Tucano goma sha biyu da suka iso Nijeriya cikin 2021, aka yi musu mazauni a Kainji a nan Jihar Neja, zanen wannan kamfani ne. An harhaɗa su a Amurka, kuma cinikin ya ci kusan dala miliyan 500. Ƙane ya girma har yana sayar wa wa.

Har wa yau, mai saye a waje ba kullum kuɗinsa ke yi masa aiki ba. Cikin 2014, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, bisa zargin soja da keta haƙƙin jama'a. Ashe dai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba za a ce ba a taɓuka kome ba. Kamfanin Proforce, wanda aka kafa cikin 2008, yana ƙera motoci masu sulke a Ode-Remo, kusa da Shagamu inda 'yan uwanmu ke fataucin goro, har ya sayar wa Chadi samfurinsa mai suna Ara. Cikin 2016 sojan sama suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Innoson na Nnewi don gyaran birkin jiragen Alpha Jet. Cikin Disamba 2019 kuwa Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da motar yaƙi Ezugwu a Kaduna, wadda DICON da injiniyoyin sojan ƙasa suka ƙera. Wannan ya nuna akwai masu basira a gida.

Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata a lura da su. Na farko, ƙarfe. Tun 1979 aka ba Rashawa kwangilar masana'antar Ajaokuta, amma har yau babban murhunta bai narka ƙarfe ba. Muddin injin mota da farantin sulke daga waje ake sayo su da dala, to harhaɗawa muke yi, kuma ranar da mai kaya ya ƙi sayarwa aiki ya tsaya.

Na biyu, kasuwa. Ɗan kasuwa ba zai ci bashin banki ya kafa injuna ba sai ya tabbata soja da 'yan sanda za su saya shekara da shekaru, su kuma biya kan lokaci. Alhali kuwa an san sayen kaya a waje ya fi yi wa wasu daɗi, don nan ne ake samun kamasho. Binciken da aka fara cikin 2015 kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai ya isa misali.

Na uku, sa ido. Dokar ta mai da DICON mai ƙera kaya, abokiyar cinikin kamfanoni, kuma mai duba aikinsu. Ɗan dambe ba ya zama alƙalin wasan da yake ciki. Ga shi kuma ƙasa ta cika da miyagun makamai. In ba a buga wa kowace bindiga lamba an riƙe lissafin kowane akwatin harsashi ba, abin da aka ƙera don tsaron hanya zai iya ƙarewa a hannun masu tare ta.

Saboda haka duk yarjejeniyar da aka sa wa hannu, ya kamata 'yan majalisa su tambaya: kashi nawa na kayan za a yi a gida, yaranmu nawa za a koya wa aikin, kuma wa zai mallaki zanen in baƙon ya tafi? Mazauna kudu su ma suna da wakilai a Abuja, kuma shugabannin Hausawa na kasuwanni suna da bakin magana. In an samu amsa mai gamsarwa, wannan doka za ta haifi ɗa mai ido. In kuwa ba a samu ba, za a sake maimaita labarin Kakuri ne kawai. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kai matafiya gida lafiya.