Zaɓen cike gurbi: mai jin haushi na iya kayar da gwamnati, amma da sharaɗi

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun hira da shirye-shiryen siyasa na rediyo, wato wai duk zaɓen cike gurbin da za a yi nan gaba jam'iyya mai mulki za ta sha ƙasa, saboda talaka ya ji jiki. Cewa ya ji jiki, babu mai musu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kwanon masara da kuɗin mota suka gagari mutane da yawa, har matasa suka fito zanga-zanga a watan Agustan 2024. Sai dai masu wannan lissafi sun manta cewa a Agustan 2025 an yi zaɓukan cike gurbi a jihohi da dama, cikin wannan tsadar, kuma APC ce ta kwashe mafi yawan kujerun.

Ba-zata tana faruwa, kuma wadda ta fi cancantar a nazarta ita ce ta Osun ta Yamma a 2017. Sanata Isiaka Adeleke, wanda shi ne gwamnan farar hula na farko a jihar, ya rasu a watan Afrilu yana kan kujerar APC. Jihar tana hannun APC ƙarƙashin Rauf Aregbesola, Abuja ma tana hannunta ƙarƙashin Buhari, ita kuwa PDP tana cikin rikicin shugabanci tsakanin Ali Modu Sheriff da Ahmed Makarfi, ana ta shari'a. A takarda dai babu wata gasa. APC ta tsayar da Mudashiru Hussain, wanda ya taɓa riƙe wannan kujera daga 2011 zuwa 2015, na hannun daman gwamna. Ƙanin marigayin, Ademola Adeleke, da ya ga ba za a ba shi tikiti ba, sai ya tsallaka PDP ana saura 'yan makonni. Ranar 8 ga Yuli aka kaɗa ƙuri'a: Adeleke 97,480, Hussain 66,116. Cikin ƙananan hukumomi goma na mazaɓar, tara suka juya wa gwamnati baya.

Me ya jawo haka? Wasu za su ce tausayi ne, mutane sun zaɓi ƙani don girmama wa. Akwai wannan, musamman a Ede, garinsu. Amma tausayi bai isa ya kai Iwo da Ikire ba. Abin da ya kai shi ne albashi. Bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai, ga basussukan da ake zare wa jihar tun daga tushe kafin kasonta ya baro Abuja, gwamnatin Osun ta koma biyan manyan ma'aikata rabin albashi tun daga 2015, 'yan fansho kuma suna bin bashi. Malamin makaranta ya san adadin da aka yanke masa, ya san wanda ya yanke, matarsa ta sani, mai shagon da yake cin bashi a wurinsa shi ma ya sani. Haushin yana da suna da adireshi. Ga kuma ɗan takara mai gida sananne da aljihu mai nauyi, wanda ya taho da wani ɓangare na 'yan APC ɗin kanta, mutanen da suka san kowace rumfa da wanda ke juya ta. Shekara guda bayan haka, shi wannan Sanata da ake yi wa dariya saboda rawa ya ba APC ratar ƙuri'a 353 a zaɓen gwamna, aka ce zaɓe bai kammalu ba, aka sake a wasu rumfuna, Gboyega Oyetola na APC ya tsira da 482. A 2022 Adeleke ya dawo ya kayar da shi yana kan mulki. A can dai Juma'ar tun daga Laraba aka gane ta.

To amma mu leƙa Bauci. A Agustan 2018, bayan rasuwar Sanata Ali Wakili, Lawal Yahaya Gumau na APC ya lashe zaɓen cike gurbin Bauci ta Kudu. Gidan gwamnati ya ɗauka jama'a na tare da shi. Ba a cika shekara ba Bala Mohammed, ɗan wannan yankin, ya kayar da Gwamna M. A. Abubakar. Haushin yana nan tun farko, ranar cike gurbin ce bai fito ba.

Nan ne gizo ke saƙar, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe ranar cike gurbi ya san abin da nake nufi. Na tsaya a tamu a irin wannan rana. Layin da a babban zaɓe yake kaiwa bakin titi, ranar bai wuce inuwar darbejiya ɗaya ba. Magidantan da ke zagin gwamnati kullum a teburin mai shayi sun tafi kasuwa, wasu ma ba su san ana zaɓe ba. Waɗanda suka fito yawanci mata ne da aka kwaso a babur mai ƙafa uku, kowacce da katinta a ƙulle a bakin mayafi. A wani soro da ke bayan makarantar, wani yaro na zaune da littafi yana duba suna, gefensa kwalayen taliya da sabulu. Ejan ɗin 'yan adawa kuwa tun kafin la'asar ya sulale, wai ba a kawo masa kuɗin abinci ba, aka ƙirga ƙuri'a babu shi. Ban ga laifin matan nan ba. Wadda ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, ba za ka yi mata wa'azin shekara huɗu ba.

Zaɓen cike gurbi ya fi kowane zaɓe sauƙin saye, domin mazaɓa ɗaya ce ko biyu. A babban zaɓe gwamna yana ta kansa, kuɗi da jami'an tsaro sun rarrabu ko'ina. A cike gurbi kuwa kwamishinoni da masu ba da shawara da shugabannin ƙananan hukumomi duk a wuri ɗaya ake jibge su, kowa a ba shi akwatin da zai kawo, in ya faɗi ya san kujerarsa na rawa. Ga wani abin da masu hasashen suke tsallakewa: wace gwamnati za a hukunta? A Kano ko Zamfara ko Bauci, inda aka sha samun jam'iyyar gwamna daban da ta shugaban ƙasa, mai jin haushin kuɗin mai da mai jin haushin rusau ko rashin fansho suna iya shiga layi ɗaya su soke wa juna ƙuri'a.

Saboda haka ni ba na cewa ba za a ga ba-zata ba. Ina cewa in 'yan adawa suna son ta, su daina dogaro da yunwar mutane kamar gadonsu ce. Su tsayar da mutum ɗaya maimakon uku, su tsayar da wanda garinsu ya sani, su biya ejan tun da safe, su kuma yi aiki da tsohon takenmu na a kasa, a tsare, a raka, har ɗakin tattara sakamako.

Ku ma 'yan jarida akwai naku. Ranar irin wannan zaɓe ku daina wadatuwa da sanarwar baturen zaɓe da hoton wanda ya ci yana ɗaga hannu. Ku buga mana mutum nawa suka yi rajista a mazaɓar, nawa aka tantance, nawa suka kaɗa, ku gwada da alƙaluman zaɓen da ya gabata, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Takardun sakamakon rumfuna suna kan shafin IReV na hukumar INEC, wakilinku zai iya zazzage su da wayarsa.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.