Gwanjo: Darasin kasuwar Kantamanto ga 'yan kasuwar kan iyaka

Idan dai ba a manta ba, a farkon watan Janairun 2025 gobara ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Kantamanto da ke birnin Accra na ƙasar Ghana, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya. Amma tun kafin gobarar akwai wata wuta da ke ci a ƙarƙashin ƙasa.

Ƙungiyar Or Foundation mai aiki a kasuwar ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shigowa duk mako daga Turai, Amurka da Sin, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Tsummokaran sun cushe tafkin Korle da gaɓar teku ta Jamestown, har masunta na jawo su cikin komarsu. Babban jujin Kpone, inda ake jibge su, ya kama da wuta a 2019.

Musabbabin abin shi ne, kamfanonin ƙetare na ɗinka kaya masu araha da zaren roba, a sa sau kaɗan a yar. Irin wannan yadi ba ya ruɓewa kamar auduga. In an binne shi yana nan, in an ƙona shi hayaƙin ya cuci ƙirji.

To, ina ruwan ɗan kasuwar Jibiya, Maraɗi, Illela ko Birnin Ƙonni? Ai irin wannan dilar ce ake saukewa a tashoshin Lome da Kwatano, ta hauro arewa. Kowa ya san sayen dila tamkar sayen kifi ne a ruwa: ka biya kuɗin kaya, da na mota, da na hanya, ka kwance ka tarar da tsumma. Ka yi asara, sannan sharar ta toshe magudanar ruwan garinku kafin damina.

A 2025 Tarayyar Turai ta amince da dokar da za ta tilasta wa masu kamfanonin tufafi biyan kuɗin kwashe shararsu. Abin tambaya a nan shi ne, ko wannan kuɗi zai biyo dilar zuwa inda sharar take sauka?

Kafin nan, ya kamata ƙungiyoyin 'yan gwanjo su haɗa kai, su riƙa lissafa abin da kowace dila ta zubar, su ƙaurace wa duk dilan da kayansa suka cika tsumma. Masu iya magana sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.