Tsakuwa, Samfefa Da Kabarandam: Abin Da Maginin Tukwane Zai Zaɓa

Duk wanda ya shiga Gidan Adana Kayan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ya tsaya gaban sassaƙe-sassaƙen yumɓun nan na Nok, zai ga yawancinsu fuskarsu da kaushi, tsakuwoyi sun fito fili kamar jikin bangon da damina ta zaizaye. Ba haka maginansu suka bar su ba. Masana sun tabbatar cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, an shafe su da lallausan yumɓu, aka goge har suka yi sulɓi, sai dai daɗewa cikin ƙasa ta cinye wannan fatar. Watau ke nan goge tukunya tsohon ilmi ne a wannan yanki, ya riga haƙar kuzar da ta tono kayan Nok a 1928 nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa aka ɗauko zancen shi ne, samari da 'yan mata da ke shiga ginin tukwane a Jos da Bukuru yanzu sun tarar da kayan aiki iri-iri a kasuwa: ga samfefa, ga dutsen kabarandam, ga faifan daimon na masu tayil, ga kuma injin gurza ƙarfe na masu walda. Da yawa sun ɗauka duk aikinsu ɗaya ne, wanda ya fi tsada shi ya fi kyau. Lalle ba haka ba ne. Akwai aiki biyu da baki ke haɗawa da kalmar guga, alhali kuwa hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Na farko shi ne dannawa. Idan tukunya ta sha iska, ta yi tauri kamar ƙirgi amma sanyin ruwa bai bar jikinta ba, maginiya takan ɗauki tsakuwar rafi mai santsi ta yi ta murza ta. Tsakuwar ba ta cire kome daga jikin tukunya. Ƙwayoyin yumɓu, in an duba su da madubin masana, fale-fale suke kamar ɓawon kifi, to dannawar ce ke kwantar da su gefe guda, ta tura yashi ciki, ta toshe ƙofofi, sai haske ya samu shimfiɗaɗɗen wurin sauka, tukunya ta yi sheƙi. A wurare da dama na Arewa akan zarga guntsu, watau 'ya'yan kuka, a zare, a yi ta goga su a kafaɗar tulu bayan an shafa masa jar ƙasa. Wanda ke son ganin iyakar abin da tsakuwa da guntsu za su iya, sai ya leƙa zauren tukwane na gidan tarihin, inda aka tara abin da Sylvia Leith-Ross ta yi shekaru tana tattarowa daga sassan Nijeriya, har ta buga littafi a kansu a 1970.

Zaɓen tsakuwar kansa sai da lura. Ana neman farin dutsen nan mai tauri wanda ruwa ya daɗe yana mirginawa, irin wanda ake tsinta a gaɓar rafukan Filato, ba mai tsaga ba, ba mai rami ba, wanda zai cika yatsu uku. Akan gwada shi a kumatu ko a leɓe. In ya ja fata ko kaɗan, zai ja yumɓu. Yawan aiki ƙara masa santsi yake yi, shi ya sa tsohuwar maginiya za ta iya ba da aron kwarya da sakaina, amma da wuya ta ba da aron dutsenta. Bayan cokali ma yana yi, sai dai wani ƙarfen yakan bar baƙin zane a kan farin yumɓu. A Jos kuwa, inda gari ke bisa tudu mai kimanin mita 1,200, hunturu yakan busar da tukunya da gaggawa, lokacin dannawa ya ƙure cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya makara, maimakon sheƙi sai ya ga fatar tukunya tana ɓarewa. Maganinsa a lulluɓe ta da leda ko jiƙaƙƙen buhu, a riƙa buɗe gefen da ake aiki kaɗai.

Kuma ba kowace tukunya ce ke son sulɓi ko'ina ba. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ne saboda yana tsattsafowa ta jikinsu, iska tana kwashe shi tare da zafi. Wanda ya danne randa tun daga baki har gindi ya sami abin ado, ya rasa ruwan sanyi. Don haka ne magabata suke goge wuya da kafaɗa, su bar ciki da gindi da kaushi, har su mirgina totuwar masara ko murɗaɗɗiyar igiya a kai, hannu ma ya samu abin kamawa in tulu ya jiƙe.

Aiki na biyu shi ne gurzawa, wanda ke cin jikin abu, kuma a nan ne kayan kasuwa ke shigowa. Ƙa'idarsa guda ce: abu ba ya cin wanda ya fi shi tauri. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu bisa taurinsu a 1812, daga 1 zuwa 10. A ma'auninsa farin dutsen rafi yana kan 7, tofaz da ake samu a Filato yana kan 8, daimon yana kan 10. Kabarandam, wanda Edward Acheson ya fara haɗawa a Amurka a 1891 daga yumɓu da gawayin kwal cikin wutar lantarki, ya ɗara 9 kaɗan. Ƙarfen wuƙa bai kai 6 ba, magagari ma da ƙyar ya wuce nan.

Tukunyar gargajiya da aka toya da itace da ciyawa a fili, wutarta ba ta cika wuce digiri 900 ba, jikinta kuwa da taushi, wuƙa ma tana zana ta. Irin wannan ba ta bukatar daimon ko inji. In gindinta ya karkace, ko bakinta ya yi ƙaya, jiƙaƙƙen tsingaro ko lafiyayyen fa ya ishe ta. Amma fa gindi da baki kaɗai. Mai bin jikin toyayyar tukunya da samfefa yana kankare fatar da tsakuwa ta danne, da ruwan makubar da aka yayyafa mata tana da zafi, ya mayar da ita kamar kayan Nok tun ba ta kwana a ƙasa ba.

Tangaram mai shafen gilashi shi ne ke da wani hukunci. Wannan hanya ta kafu ne a ƙasar nan da makarantar da Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950 a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. A irin wannan gashi wuta tana haura digiri 1,200, yumɓu ya narke ya haɗe, taurinsa ya kusa na farin dutse. Sheƙin tsakuwa ba ya jure wannan wuta, ɓacewa yake yi, don haka dannawa ɓata lokaci ce ga mai tangaram. Matsalarsa tana gindin kofi ko kwano, inda ba a shafa kome ba: yakan fito da kaifi, ya karce tebur da faranti, wani lokaci kuma shafen ya zubo ya daskare kamar haƙorin kwalba, ya yanke yatsa. Magagari zamewa yake yi a kansa, samfefar kafinta mai araha kuwa tana mutuwa kafin a gama kofi biyu. Abin da ke cinsa shi ne kabarandam ko daimon.

Ba sai an yi nisa ba wajen nema. Baƙar samfefar nan da masu fentin mota ke tsomawa a ruwa, ƙwayoyinta kabarandam ne, haka ma wasu duwatsun wasa wuƙa masu fuska biyu da ake sayarwa a shagunan kayan gini. Lambar da ke bayan samfefa tana nuna girman ƙwaya: ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi. Ana fara cin tudu da 60 ko 80, a share zanensu da 120, a gama da 220, mai son gindin kofi ya yi kamar alharini ya ƙara da 400. Tsallake mataki shi ne kuskuren mai gaggawa, domin 400 ba ta share ramin da 60 ta haƙa, sai dai ta sa masa ƙyalli ya ƙara fitowa. A shimfiɗa samfefar bisa gilashi mai kauri, a zuba ruwa, a riƙa juya kofin kansa a kai, gindi zai zauna daidai ba ya rawa. Soson daimon na hannu ya fi tsada, amma ga mai fitar da kaya da yawa kowane wata ya fi samfefa riba, don yana daɗewa ƙwarai.

Injin masu walda kuwa a yi hattara da shi. Ƙaraminsa yana juyawa wajen sau 11,000 a minti, yana zafafa wuri guda har shafen gilashi ya tsage, yana kuma watsa ɓarɓashi a ido. Wurinsa shi ne kankare allunan tanderu, a waje, da tabarau da abin rufe hanci na ainihi.

Nan ne maganar ta wuce ta ado ta zama ta rai. Yumɓu da yashi da tangaram duk suna ɗauke da sinadarin silika, kuma ƙurarsa mafi haɗari ita ce wadda ido ba ya gani. In ta shiga huhu ba ta fita, sai ta yi ta yin tabo shekara da shekaru har numfashi ya gaza. Likitoci suna kiran cutar silikosis, ba ta da magani, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Mafi munin ɗabi'a ita ce bin busasshiyar tukunyar da ba a toya ba da samfefa a cikin ɗaki, sa'an nan a hure ƙurar da baki, yara suna wasa a gefe. Jiƙaƙƙen soso yana yin wannan gyara ba tare da ƙura ba. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare irin wannan ƙura. Ruwa ne ke tare ta, a kan dutse, a kan samfefa, da kuma a daɓen ɗaki, wanda ya kamata a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Akwai wani abu da ya keɓanta da Filato. Tulin yashin da kamfanonin kuza suka bari, da wanda ke fitowa daga wuraren tace ma'adinai, yana da kaifi da nauyi, ga shi kyauta, har yakan ba mutum sha'awar ɗiba don gurza ko don haɗawa da yumɓu. Masana daga jami'o'in ƙasar nan sun auna irin wannan yashi a Jos da kewaye, sun sami ma'adinai irin su monazayit a cikinsa, masu fitar da tururin nukiliya fiye da na ƙasar gona. Bai dace ya shiga tukunyar abinci ba, balle a niƙa shi a shaƙi ƙurarsa. Mai bukatar abin ƙarfafa yumɓu ya daka tsingaron tsofaffin tukwane bayan ya yayyafa masa ruwa, ya tankaɗe.

Haka kuma cikin kwano ko kofi mai shafen gilashi ba wurin samfefa ba ne. Duk zanen da aka yi a nan maɓoyar datti ce, in kuwa shafen yana da dalma, gurzawa tana sa ta saurin zuba cikin abinci mai tsami. Kwanon da cikinsa ya fito da ƙuraje sai a mayar da shi wuta, ko a ajiye shi don shuka fure.

Idan an gama gindin kofi, a wanke shi, a bari ya bushe, domin ruwa yana ɓoye zane. Sa'an nan a ja shi a kan tsohon yadi mai santsi. In zare ya kama, a koma kan 220.